Nomau, Toka da Lemon Tsami

A ƙauyen Marken Jibo an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, in ya kama garma sai ka ce ƙasar ce take buɗe masa da kanta. Ba ya ƙarya, ba ya zagi, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Aibinsa guda ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka take shiga kunnensa, ba ya sheƙe ta, ba ya tsince ta. Tun yana yaro aka san shi da haka. An ce ranar da ubansa ya ce ya sa ido a kan shanya, da aka dawo sai aka tarar da shi kwance rub da ciki, fuskarsa a cikin gero, awaki kuwa suna ta ci ta ɗaya gefen.

Gidansa ba babba ba ne. Daga shi sai matarsa Tasalla, sai 'yarsu Saude da ba a daɗe da yaye ta ba, sai akuya guda da 'yan kaji. Mata sukan tambayi Tasalla yadda take iya zama da shi. Takan ce, "Mutumin da bai taɓa ɓata mini rai da gangan ba? Ni ce dai zan riƙa auna magana kafin in sake ta." Tana aunawa kuwa, sai dai mai aiki da yawa ba kullum take tunawa da mudu ba.

Tasalla a birni ta tashi, kuma tsabta ce abin alfaharinta. Ba ta dawowa daga kasuwa sai da sabuwar kwalba a jaka: na goge daɓe, na kashe kyankyaso, fiya-fiya na sauro, da wani feshi da aka ce ƙamshin furanni gare shi. Kwalabe suka cika taga, suka cika ƙarƙashin gado. In ka shiga ɗakinta sai ka ɗauka kantin magani ka faɗa. Hannuwanta suka fara tsattsagewa, ba ta damu ba. Abin da ya hana ta sukuni shi ne tarin da ya kama Saude. Ƙirjin yarinyar kuka yake kamar an ɓoye 'yar kyanwa a ciki, a sha magani ya lafa, a jima ya dawo.

Wata rana suka ɗauki Saude suka kai ta ɗakin shan magani na garin, wurin Malama Lantana, ma'aikaciyar lafiya. Malama ta saurari ƙirjin yarinyar, ta dubi hannun uwar, ta kuma shaƙi ƙamshin da ke tashi daga zanen goyo. Ta ce, "Da me kike gyara ɗaki?" Tasalla ta gyara zama ta shiga lissafo kwalabenta, tana jiran a yaba mata. Malama ta bari ta gama, sannan ta ce, "Ba zan ce su kaɗai suka kawo tarin nan ba, amma ƙirjin yaro ba ya son irin wannan tururi. Ga magani, ki ba ta. Yawancin aikin gida ruwa da sabulu sun ishe shi. Abin da ya gagare su, ga toka, ga lemon tsami, ga tsamiya, ga rana kyauta." Ta juya ga Nomau ta ce, "Malam Nomau, kai ne maigida. Gobe da safe ka fitar da kwalaben nan daga gida." Ya ce, "An gama, Malama."

Gari na wayewa ya kwashe su kaf, ya jera su a inuwa a ƙofar gida. Tasalla ta buɗe taga, ta kaɗe labule, ɗakin ya sha iska. Da magariba ta ji shi yana koro kaji, ta ji ya ɗaure akuya, sai kuma ga shi ya shigo rungume da kwalabe, yana mayar da kowace mazauninta.

"Malam, me ya dawo da su?"

"Magariba ta yi. Malama cewa ta yi in fitar da su da safe, ba ta ce su kwana a waje ba. Ko akuya ba a yi mata haka."

Tasalla ta dafe kai. Washegari da kanta ta zuba su a buhu ta ɗaure, ta auna maganarta kalma kalma. "Ka kai wa Malama, ita ta san inda ake zubar da irinsu. Ka ba ta a hannunta. Ka dawo kai kaɗai."

"Buhun fa?"

"Shi ma ya zauna can."

Wata rana Tasalla ta yi miya da manja, tukwane suka yi dumu-dumu da maiƙo, ga Saude ta ƙi sauka daga jikinta. Ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Malam, taimaka mini da tukwanen nan. Ka ɗebo toka a murhu ka sa musu, toka tana cin maiƙo." Nomau ya wanke akushi tas, ya cika shi da toka, ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye akushin, ya jera tukwane a gabansa. Ya ce, "Bismillah," ya koma gefe ya zauna. Ya jira, toka ba ta motsa ba. Ya matso mata da tukunyar da ta fi maiƙo, shiru. Can sai ya gane inda matsalar take. Toka baƙuwa ce a wannan aiki, baƙo kuwa ba ya sakin jiki ya ci abinci ana kallonsa. Ya tashi a hankali ya shige ɗaki, ya saki labule. Da Tasalla ta lallaɓa ta kwantar da yarinya ta nufi ƙofa, sai ya tare ta.

"Kada ki fita tukuna, tana ci."

"Wa ke ci?"

"Tokar. Kunya gare ta."

Kafin Tasalla ta sami abin cewa suka ji ƙarar tukunya tana gungurawa. Nomau ya leƙa, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Kin gani? Har ta kusa cinye ta biyu." Tasalla ta ɗaga labule. Akuya ce ta tsinke igiya, kanta a cikin tukunya. Da ta ɗago, bakinta ja wur da manja, gemunta fari fat da toka. Tasalla ta kore ta, ta jawo tukunya, ta jiƙa soso, ta dangwalo toka ta shiga dirza. Ta ɗauraye da ruwan zafi, gindin tukunya ya fito yana ɗaukar ido. Nomau ya tsuguna yana kallo har ta gama, sannan ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe irin Saude ce. Ba ta ci da kanta, sai an ɗura mata."

Daga ranar wankin tukwane ya koma hannunsa, kuma babu gidan da ya kai nasu ƙyallin tukunya a Marken Jibo.

Wata rana aka kawo kifi daga rafi, Tasalla ta gyara, ƙarni ya kama wuƙa da faranti har da hannunta. Ta miƙa wa Nomau lemon tsami cike da tafi ta ce, "Yanka mini waɗannan, in kashe ƙarnin nan da su." To, shi Nomau duk girmansa bai taɓa yanka ko kaza ba, zuciyarsa ba ta ɗauka. Ya zuba lemon a hula ya nufi rumfar Sarkin Fawa Barmo, wanda duk garin aka sani da tsokana. Ya yi sallama ya ce, "Sarki, yanka na kawo." Barmo ya duba bayansa bai ga rago ba, bai ga akuya ba, sai ya duba cikin hula. Ya haɗiye dariyarsa, ya ɗauko babbar wuƙa ya shiga wasawa.

"To, riƙe masa ƙafafu kada ya shure ni."

Nomau ya jujjuya lemo ya ce, "Wannan ba shi da ƙafa."

"Gurgu ne. Ba komai, danne shi."

Nomau ya danne lemo da hannu biyu, ya kawar da kai don tausayi. Bai kawar da kyau ba, Barmo na dasa wuƙa ruwan ya yi tsartuwa ya same shi a ido. Ya riƙa murzawa yana cewa, "Allah sarki, ƙaramin abu amma jininsa da zafi." Masu jiran tsire suka riƙe ciki. Da aka gama, Barmo ya ce, "Ka san al'ada, wuya na mai yanka ne. Tun da ba a gane wuyan waɗannan, sai a raba daidai don kada a shiga haƙƙi." Ya ware rabin kowane ya tura gefen tsirensa. Nomau ya yi godiya, har da cewa Allah ya ƙara wa Sarki adalci.

Tasalla ta ga rabi-rabi a hula, ta ji labari, ta yi dariya har da hawaye. Abin da ya rage ɗin ma ya isa. Ta barbaɗa gishiri ta goge wuƙa da faranti, ƙarni ya tafi, har tsatsar da ke gindin wuƙar ta bi shi.

Wata rana ta ga ƙuraje a hannun Saude, ta duba ɗinkin katifa ta ga masu laifin. Da can fiya-fiya za ta yayyafa ta rufe ɗaki. Yanzu sai ta ce, "Malam, fitar da katifar nan rana, ta kashe mana kuɗin cizo." Ta shiga tafasa ruwan da za ta kwarara wa ƙafafun gado. Da ta fito wajen azahar sai ta tarar da katifa shimfiɗe a tsakar gida, Nomau tsaye a kanta ya ɗaga zana sama da hannu biyu ya yi mata inuwa, gumi yana bin sa har dugadugai.

"Me kake yi haka?"

"Kin ce rana za ta kashe mana kuɗi. Ko na cizo ne, ai namu ne."

Sai da ta kamo ɗaya a ɗinki ta ɗora masa a tafin hannu, ta tambaye shi ko akwai abin da za a sayar masa da wannan a kasuwa, sannan ya yarda ya sauke zanar.

Wata rana kuma aka yi wadda ba ta ba Tasalla dariya ba. Akwai wata tsohuwar butar tagulla a gidan da ta yi baƙi ƙirin, Tasalla tana so ta fito da haskenta. Za ta tafi barkar haihuwa, tana ɗaura goyo ta ce, "Malam, jiƙa mini tsamiya kafin in dawo. Ta jiƙu sosai fa." Tsamiyar da take nufi tana nan a ƙwarya a kan rumfa. Amma tsamiyar da Nomau ya sani ita ce babbar bishiyar ƙofar gidan Mai Unguwa, inda dattawan gari ke zama bayan azahar. Ya ɗauki bokiti da igiya, ya shiga jigila daga rijiya. Ya fara da gindi, ya kwarara har ƙasa ta koma taɓo. Sai ya ja baya ya duba, ya ga ai ƙafarta kawai ya jiƙa, kanta a bushe yake. Ya tara ruwa a garewani a bayan bishiya, ya hau can ƙololuwa, yana jawo bokiti da igiya.

Yana cikin ganye dattawa suka fito daga masallaci. Suka ga gindin da laima, suka matsa da tabarmi kaɗan, suka zauna. Ran nan shari'ar iyakar gona ake yi tsakanin wasu 'yan'uwa biyu, kowa ya sa farar riga. Mai Unguwa ya gyara rawani, ya buɗe baki zai fara magana, sai ruwa ya sauko masa cike da bokiti, da ganye, da tururuwa, da tsohuwar sheƙar tsuntsu. Wani dattijo ya dubi sama ya ce, "Ruwa a tsakiyar rani?" Daga cikin rassa aka amsa da ladabi, "Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, ku ɗan matsa yamma, saura reshen gabas."

Aka sauko da shi. Mai Unguwa yana matse rawani ya ce, "Nomau, wa ya aike ka?"

"Tasalla ce, ranka ya daɗe. Ta ce ta jiƙu sosai."

Kafin la'asar labari ya je har gidan barka. Tasalla ta baro wurin kanta a sunkuye, ta wuce gidan Mai Unguwa ta durƙusa gaban uwargidansa tana ba da haƙuri, ta karɓo rigunan dattawa ta wanke su da hannunta. Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, ta zauna bakin murhu tana kallon wuta. Nomau ya san ya yi ɓarna, ko da yake bai gano ta ina ba, tun da tsamiya dai ta jiƙu. Ya rasa abin yi, sai ya ɗauki Saude ya ɗora a cinya, ya kara kunnensa a ƙirjinta ya daɗe yana saurare. Can ya ce, "Tasalla, 'yar kyanwar nan ta cikin ƙirjinta ta tafi. Ban ji ta ba." Tasalla ta taso ta kara nata kunnen. Numfashi yana shiga yana fita, sumul. Ta dubi tafin hannunta, tsagar nan duk ta haɗe. Ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Tashi ka ci tuwo, Malam."

Amma magana zarar bunu ce. Direban da ke jigila tsakanin Marken Jibo da birni ya kai labarin tsamiya har kunnen Hajiya Marka, mahaifiyar Tasalla, wata 'yar kasuwar atamfa da ba a yi mata musu.

Wata rana da hantsi sai ga Hajiya Marka ta sauka daga mota, ɗan dako yana biye da ita da kwali a ka. Nomau ya cire takalmi ya tsuguna can nesa ya gaishe ta, ta amsa ba ta dube shi ba. Ta zagaya gidan tana duba komai. Ta ga toka a kasko kusa da wurin wanke-wanke, ta ga ɓawon lemo, ta ga tsamiya jiƙe a kwano. Ba ta ga datti ba, amma ba ta ji ƙamshin da ta saba kira tsabta ba. Ta zauna a kujera ta ce, "Tasalla, don ki koma zamanin toka na aurar da ke? Ana ta yi da ni a kasuwa, wai surukina yana yi wa bishiya wanka. Ki ɗaure kayanki. Gobe ke da jikata za ku bi ni birni, sai ranar da gidan nan ya zama gida."

"Inna, yarinyar ta samu sauƙi tun da muka bar kwalaben nan."

"Sauƙi na Allah ne, ba na murhu ba. Na gama magana."

Nomau yana tsugune yana ji. Wannan karon babu abin da ya shige masa duhu. Ya dubi Saude da ta zo ta kama ƙafar wandonsa, kamar yadda ta saba bin sa duk inda ya sa ƙafa, sai ya ɗora hannu a kanta.

Hajiya ta buɗe kwali ta zaro manyan kwalabe biyu, ɗaya ruwan bilic mai sa tufafi fari, ɗaya ruwan wanke masai. Ta ce ba za ta shiga banɗakin da aka wanke da toka ba. Banɗakin kuwa Nomau ne ya gina wa Tasalla shi irin na birni, da siminti da rufin kwano da ƙofa, sai dai babu taga. Tun da suruka ba ta aiken suruki baki da baki, sai ta ce da 'yarta, "Ki ce masa ya shiga da su, ya ja ƙofa, ya haɗa su duka biyun a bokiti, ya wanke ko'ina. Wata maƙwabciyata ta ce haɗin ya fi ƙarfi." Tasalla idonta cike da ƙwalla, ba ta auna komai ba, ita ma ba ta san abin da ke cikin haɗin ba. Ta maimaita masa yadda aka faɗa.

Nomau ya shiga da kwalabe, Saude na riƙe da wandonsa, ya ja ƙofa. Ya dubi kwalba ta dama, ya dubi ta hagu. Ya zaro igiya daga aljihu, ya haɗa su wuya da wuya ya ɗaure, ya ƙara zagaya cikinsu ya ƙulle tam, ya tsayar da su a cikin bokiti. Wannan ya gama. Saura wanki. Ya ɗauki tsintsiya da sabulun salo da ruwa, ya wanke ko'ina yadda ya saba, Saude tana taka kumfa tana dariya. Ya fito ya tsuguna ya ce wa Tasalla ta gaya wa Hajiya an gama.

Hajiya ta leƙa, ta fito da kwalabe a ɗaure kamar awakin da za a kai kasuwa, ko murfinsu ba a buɗe ba. Ta ɗaga su sama ta ce, "Wannan fa?"

Nomau ya ce, kansa a ƙasa, "Hajiya ta ce a haɗa su. Na haɗa. Ko an ja ba za su rabu ba."

Hajiya ta dubi 'yarta ta ce, "Kin ga abin da nake faɗa? Ki ce masa ya buɗe ido ya ga yadda ake haɗawa." Nomau ya sa yatsu ya gwale idanunsa. Hajiya kuwa ta jawo wata 'yar roba a tsakar gida, ta buɗe murafan, ta karkata kwalaben a ɗaure yadda suke, ta tsiyaya kaɗan daga kowace, ta sunkuya za ta motsa da kara.

Ba ta kai ga motsawa ba. Ruwan ya yi wani tsuwwa, wani tururi ya taso ya daki fuskarta. Idanunta suka rufe da hawaye, tari ya sarƙe ta, ta yi baya ta zauna daɓas a ƙasa tana neman numfashi. Warin ya bazu, kaji suka watse. Tasalla ta suri Saude ta yi zaure da gudu, tana waiwaye tana nuna robar da hannu. "Malam, ɗauke ta ka kai waje!"

Nomau bai tsaya tambaya ba. Ya sunkuya ya ɗauki Hajiya Marka cak, kamar damin gero, ya fita da ita ƙofar gida, ya dire ta a gindin darbejiya inda iska ke kaɗawa. Masu wucewa suka tsaya baki buɗe, don ba a taɓa ganin suruki ɗauke da surukarsa a Marken Jibo ba. Robar kuwa tana can inda take, ba wanda ya taɓa ta, har iska ta kwashe tururin.

Aka kawo ruwa ta wanke fuska, aka aika aka kira Malama Lantana. Ta saurari ƙirjin Hajiya, ta ce a bar ta a iska, in tarin bai lafa ba zuwa yamma a kai ta babban asibiti. Ta ga kwalaben a ɗaure, ta ji yadda aka yi. Ta ce, "Waɗannan biyun ba a haɗa su, ko kaɗan, ko a fili. Gubar iska suke haifarwa. Allah ya taimaka wanda ya fitar da ke bai tsaya ɗaukar robar ba."

Hajiya ta juya ta dubi gidan. Daga inda take zaune tana hango ƙofar banɗakin ta cikin zaure. Ɗan tsiyaye ne ya zaunar da ita a ƙasa, a sarari, ga iska. Ta tuna kwalabe biyu cike, bokiti guda, ƙofa a rufe, babu taga. Da ta buɗe baki, ba ta bi ta kan Tasalla ba, Nomau ta duba kai tsaye.

"Da ka shiga, yarinyar tana ina?"

"Tana riƙe da wandona, Hajiya."

Hajiya ta miƙa hannu aka ba ta Saude. Ta rungume ta, ta sa fuskarta a kan yarinyar. Ba ƙamshin komai a jikinta sai na sabulun salo da rana. Can ta ce, "Tasalla, in kin fara ɗaure kayan, ki kwance." Ta sake juyawa ga Nomau. "Ɗana, je ka raba su. Kada ka bari su ƙara haɗuwa."

Nomau ya tashi ya rufe murafan da kyau, ya kwance igiya, ya kai ɗaya kusurwar gabas, ɗaya kusurwar yamma. Ya dawo ya tsuguna ya ce, "Ai tun da na ɗaure su na ga jininsu bai haɗu ba, Hajiya. Kowace ta juya wa 'yar'uwarta ƙeya. Na yi shiru ne don ba a musu da surukai."

Hajiya Marka ta yi dariya har tarin ya dawo mata, aka sake ba ta ruwa.

Washegari ta koma birni ita kaɗai, da kwalinta, da ƙullin tsamiya da Tasalla ta cusa mata a jaka. Kwalba ɗaya ce ta bi ta a motar safe. Ɗayar sai da Nomau ya zauna da ita a tasha har la'asar, ya sa ta a motar yamma, ya kuma roƙi direba ko sun riski ta safe a hanya kada ya tsaya kusa da ita.

Nan na baro su, tukwane suna kife a rana, Saude tana barci a kan tabarma ba tari. Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa murhu.